Ƙafafun Ƙarfe Huɗu na Maigidana

Ni ko keke ban iya tuƙawa ba, amma a kawo mini jak yanzu in ɗora hannu a kansa, zan faɗi ko na kirki ne ko na banza. Aure ne ya koya mini. Na yi rayuwata ina koyar da yara a firamare nan Kafanchan, maigidana kuma bakaniken manyan motoci ne, tifa da tirela da motocin nan masu kwasar citta zuwa kudu. Shi mutumin Nok ne, ni kuma daga Kagoro na fito. Ba ya jin yarena, ni ma nasa tsinta-tsinta nake yi, don haka da Hausa muka yi soyayya, da ita muka yi faɗa, da ita kuma muka reni ɗanmu tilo.

A zamanin da na shigo gidansa, duk kanikawan layinsu hanya ɗaya suke bi. A ɗaga mota da jak, a cusa mata dutse, ko tsohon wili, ko gungumen katako, mutum ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Wani ma ba ya wahalar da kansa da dutsen, a kan jak ɗin kawai zai bar ta. Ina kai masa abincin rana in na tashi daga makaranta, sai in tarar da ƙafafunsa kaɗai a waje, sauran jikinsa na ƙarƙashin ƙarfen da ya fi ɗakinmu girma. In kira shi, ya amsa daga can ciki kamar mai magana daga rijiya. Ban taɓa sabawa da wannan ba.

Sai ga shi wata rana tifa ta sauko a kan maƙwabcinsa na gareji. Dutsen da aka sa mata ne ya dare. Ina cikin matan zumunta na cocinmu da suka je zama da matarsa, kuma da idona na ga yadda dattawan coci suka tsaya a bakin ƙofa suka hana ta ganin gawar mijinta. Ba ta yi kururuwa ba. Tambaya ɗaya take ta maimaitawa, wai me ya sa ba za a bar ta ta gan shi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na dawo gida na tarar da nawa yana wanke giris a hannu da garin sabulu.

Na ce, "Baban yaro, daga yau ka gama shiga ƙarƙashin mota a kan dutse."

Ya ce, "To, Malama, an buga ƙararrawa ke nan? A kan dutse na koyi aikin nan, a kan dutse ogana ya tsufa har ya yi furfura."

"Wanda muka binne ma haka yake cewa."

"Ajali ne."

"Ajali ko? To ni ba zan tsaya a bakin ƙofa ana tare ni ba. Ka ji na gaya maka."

Ina da baki, kowa ya san ni da shi, amma a wannan karon rufe shi na yi. Ina dafa tuwo in ajiye masa, ina wanke kayansa, magana ce dai babu. Mutumin nan yana iya jure zagi daga safe har yamma, shiru ne ba ya iyawa. Ba a daɗe ba, wata Asabar ya ce in ɗauko jakata. Ya ce tunda ni na tayar da rigimar, sai in zo in ga yadda ake zaɓen abin, kada gobe in ce ya sayo mini tarkace.

Wajen wani ɗan kasuwa muka je, Ibo, wanda a Kafanchan aka haife shi, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Hausarsa ta fi tawa gudu. Shagonsa na kusa da tasha, cike da ƙarafa har bakin ƙofa. Yana ganina ya kwashe da dariya.

"Oga, yau har da shugabar makaranta? Lallai an kai ka ƙara."

Ya fito mana da jak iri biyu. Akwai gajere mai kama da kwalba, akwai kuma dogo mai taya da doguwar sanda, wanda ake turawa ƙarƙashin mota daga waje. Maigidana ya ce mai tayan yake so, domin da shi mutum ba sai ya cusa kansa ƙarƙashi ba kafin ya ɗaga. Sannan aka jero mana ƙafafun ƙarfen da ake ɗora mota a kansu bayan an ɗaga ta, waɗanda kanikawa ke kira sitan. Ni a idona duk ɗaya suke, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, sai na nuna wanda ya fi sheƙi.

Ya ce, "Ke da fenti! Haka kika zaɓe ni?"

Na ce, "Da fenti na bi ai da ban aure ka ba."

Ya zaro makullin gida daga aljihu ya kankare fentin a daidai wurin walda. A ƙarƙashi waldar duk ramuka ce, an lulluɓe ta ne kawai. Ya ce idan ka ga fenti ya yi kauri a mahaɗa, akwai abin da ake ɓoyewa. Ya duba takardar da aka manna a jiki mai faɗin yawan tan ɗin da abin zai ɗauka, ya ɓantare gefenta da farce. Wai takarda kowa na iya bugawa, shi lambar da aka buga a jikin ƙarfen yake nema. Ko ita ma ba ya tsayawa daidai kanta. Ya ce kullum ka sayi wanda ya fi ƙarfin abin da kake tsammanin ɗagawa, domin direba zai rantse maka babu kaya a mota, ka leƙa ka ga buhunan citta kwance har rabi.

Ya kifa kowane sitan ya duba gindinsa. Mai siririn gindi ya ture gefe, ya ce wannan da damina ƙasa za ta haɗiye ƙafarsa ɗaya ya karkace. Akwai masu haƙora da ɗan hannun da ake ɗagawa su sauka, ɗan kasuwar yana ta yabonsu wai sun fi sauri. Maigidana ya ce saurin ne ba ya so. Abin da hannu ke saukewa da sauƙi, ƙafar mai wucewa ma tana iya saukewa. Ya zaɓi masu rami da ƙatuwar ƙusa mai kaurin babban yatsa, wadda sai an zura ta ta fito ta ɗaya gefen. Ya kankare waldar kowanne da makullin, ya auna bakinsa da tafin hannu, ya tabbatar aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, zai zauna a ciki daram ba zamewa. Ya kuma jera su kusa da jak ɗin ya ɗaga shi har ƙarshe, don ya ga ko tsayinsu ya yi daidai. Ya ce ba amfani jak ya kai mota inda sitan ba zai kai ba. Na gwada ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda ya ware, sai da na sa hannu biyu, har na yi nishi.

Jak ɗin ne ya ci mana wuni. Ya ce ba zai saya ba sai an gwada a kan mota mai kaya. Ɗan kasuwar ya yi ta ƙorafi, amma ya sa aka tura guda biyu zuwa tasha, inda wata mota ke tsaye an loda mata siminti. Aka ɗaga gefe ɗaya da na farko, ɗaya gefen da na biyu. Maigidana ya shiga lalube aljihu yana neman abin da zai yi alama, ni kuwa na buɗe jaka na miƙa masa alli. Malamar makaranta ba ta rabuwa da alli, ko coci za ta. Ya ja layi a jikin kowane jak daidai inda ya tsaya, ya ce mu je mu ci abinci. Muka zauna a rumfar wata mata muka ci shinkafa da wake, ya saya mini lemo mai sanyi, abin da rabonsa da yi tun muna saurayi da budurwa. Da muka dawo, ɗaya yana nan a kan layinsa, ɗayan ya sauka kamar faɗin yatsa. Ɗan kasuwar ya ce haba oga, wannan ɗan kaɗan ɗin. Maigidana ya ce ƙirjin mutum ma ɗan kaɗan yake buƙata.

Wanda ya tsaya ɗin ma bai ƙyale shi ba. Ya murɗa bawul ɗin da ke sauke jak a hankali don ya ga ko motar za ta sauko sannu-sannu ko za ta faɗo gaba ɗaya. Ta sauko lafiya lau. Sannan ya sa ɗan kasuwar ya nuna mini wata 'yar roba zagayayya da ke cikin irin wannan jak, ba ta kai awarwaron jariri ba. Ya ce duk nauyin motar a kan wannan yake, ita ke tare mai, kuma ba ta sallama ranar da za ta fashe. Don haka jak na ɗagawa ne kawai, riƙewa aikin sitan ne, kuma sitan ba ya aiki shi kaɗai, sai biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Huɗu ya saya, don wata rana aiki kan sa a ɗaga mota gaba da baya. A hanyar gida ya ce, "To Malama, yanzu za a yi mini magana?" Na ce sai na yi shawara.

Ya zuba kankare a garejin don tayoyin jak su samu wurin tafiya. 'Yan layi suka yi ta yi masa tsiya, wai matarsa ta saya masa kujerun zama. Daga baya su ne masu zuwa aro, shi kuma ba ya bayarwa, sai dai a kawo motar wurinsa. Shekaru suka yi ta wucewa, ina kai abinci ina ganin ƙafafunsa a waje, amma gabana ya daina faɗuwa. Ɗanmu ya gama sakandare, na so ya tafi kwalejin horar da malamai a Gidan Waya, ya ce shi gareji zai shiga. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin fasto, duk a banza. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne na san a kan me zai kwanta. Ya kuma iya aikin, har direbobi suka fara cewa a kira musu ƙaramin oga.

Ba ƙarfe ne ya kashe maigidana ba, ciwon ƙoda ne. Ya ci jikinsa, ya ci abin da muka tara, sannan ya ɗauke shi. Mutumin da ke juya tayar tirela shi kaɗai, ni nake ɗaga shi in ba shi ruwa a cokali. Ba zan tsaya a kan wannan ba, har yanzu ba na iyawa.

A danginsu, idan namiji ya mutu aka gama zaman makoki, 'yan'uwansa maza kan zauna a baje kayan da hannunsa ya taɓa, riguna, takalma, fartanya, rediyo, kowane gida ya ɗauki wani abu. Ba kwaɗayi ba ne, gara in faɗi gaskiya ko da raina a ɓace yake. A wurinsu, a hana mutum rabo daidai yake da a ce masa shi ba jini ba ne. Mace ba ta zama a wurin. Ina ɗaki da mata, su kuma suna tsakar gida suna magana da yarensu, ina jin sautin ba na kama zancen. Ashe bayan kayan gida sun sa an buɗe garejin. Maigidana yana da 'yan'uwa maza huɗu, manoma da ɗan tireda, babu wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin mota. Da yamma babban wansu, wanda dukanmu muke kira Baba, ya shigo yi mini sallama, fuskarsa irin ta wanda ya sauke nauyi.

Ya ce, "Matarmu, mun gama lafiya, ba a yi rigima ba. Garejin da sifanoni duk na yaro ne. Babban ƙarfen nan mai taya ma mun bar masa, shi ne uwar. 'Ya'yan muka raba ɗaya-ɗaya. Mu huɗu, su ma huɗu, kamar ya san da mu ya saya."

Na ce, "Waɗanne 'ya'ya, Baba?"

Kafin in gane sitan huɗun nan yake nufi in fito, motar da ta kawo su ta riga ta tashi. Na juya kan ɗana. Na ce, "Kana tsaye aka kwashe? Bakinka ciwo yake?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, a gaban iyaye zan ce kada su ɗauki kayan ɗan'uwansu?" Haka ne kuwa, a wurin nan yaro ba ya buɗe baki ko da gemunsa ya kai ƙirji. Ya ce in kwantar da hankalina, zai yi da katako da wili kamar kowa. Kamar kowa! Na ji kamar in ɗora hannu a ka.

Na fara zuwa kasuwa. Ɗan kasuwarmu ya tsufa ya bar shagon, waɗanda na samu a wasu shaguna kuwa da hannu ɗaya na ɗaga su. Na kankare fentin ɗaya da makulli, mai shago ya ce Mama lafiya, na ajiye masa abinsa na fita. Na kirkin sai an aiko daga nesa, kuma bayan jinyar nan ba mu da ƙarfinsu. Hanya ɗaya ta rage, in bi gidajen 'yan'uwan mijina in roƙi abin da aka riga aka raba, abin da ba a yi. Matan zumunta suka ce in rufa wa kaina asiri, za a ce matar mamaci ta raina dangi. Na ce a faɗa. Kullum ɗana yana kwance ƙarƙashin mota a kan gungumen da ban san abin da gara ta yi masa a ciki ba.

Ɗan'uwan mijina na Gidan Waya bai ba ni wahala ba. Na tarar ya ɗora randar roba a kan sitan ɗin a bayan ɗaki. Da na yi masa bayani kunya ta kama shi, ya ce shi wallahi ya ɗauka abin ɗora kaya ne, ya ɗauko da kansa ya kai mini bakin titi. Na kawo wa ɗana, ya yi murna, amma ni da shi mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya riƙa sa shi a gefe ɗaya, katako a ɗayan.

Sitan ɗin autansu, yaransa sun riga sun sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ba da saninsa ba. Na Mararaban Rido kuma, bayan doguwar tafiyar nan, na isa na tarar da matarsa a bakin titi tana suyar doya. Na duba murhun na sake dubawa. Ashe sitan ɗin ne aka kai wa mai walda ya yanke masa kai, ya buɗa ƙafafun, aka ɗora kasko. Ja ne, na gane shi, har wurin da aka taɓa kankarewa da makulli yana nan. Baiwar Allah ta rungume ni, ta zubo mini doya mai zafi a takarda tana ta yaba ƙarfen, wai bai taɓa girgiza ba ko kaskon ya cika. Na karɓi doyar na yi godiya. A mota na yi kukana.

Saura na Baba a Nok. Shi ya reni maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kamo hannunsa ya kawo shi Kafanchan koyon aiki. Na hau bas, na sauka na hau mashin, na ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin citta. Na same shi ya ajiye sitan ɗin a ɗakinsa kusa da gado, ya goge shi da mai yana ƙyalli, ya kifa hular ƙaninsa a kai. Ashe kowace safiya a gabansa yake addu'a. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Matarmu, an taɓa kwance rabo? Yau ki karɓi wannan, gobe a ce ɗan'uwana bai bar mini komai ba. Ni na goya shi a bayana."

Na yi bayanin roba, na yi bayanin dama da hagu, ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce yaro ya yi haƙuri, Ubangiji ne mai tsaro, ya sa aka ɗaura mini doya da gyaɗa. Na taho ina zage-zage a zuci har bakin titi. Amma ko a lokacin na san ba mugunta ba ce, tsoho ne da ya rasa ƙaninsa.

Na bari damina ta yi nisa na koma. Wannan karon ban yi wani bayani ba, na gaji da koyarwa. Na zauna a ƙasa a ƙofar ɗakinsa na ce, "Baba, ka binne ƙaninka, kana da sauran uku. Ni ɗaya gare ni. Idan motar nan ta sauko a kansa, kai za ka tsaya a bakin ƙofa ka hana ni ganinsa, domin kai ne babba. Na zo in gaya maka tun yanzu ka shirya."

 Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito rungume da ƙarfen, hular kuma a ɗaya hannun. Ya ce, "Hular dai zan riƙe." Ya hana kowa ɗauka. Shi da kansa, da tsufansa, ya saɓa shi a kafaɗa ya bi 'yar hanyar nan mai santsi har inda masu mashin suke tsayawa. Ya ɗora mini a cinya ya ce in gaida yaro, in ce masa Baba bai sani ba ne.

Rabona da farin ciki irin na ranar tun kafin jinya. Yaron mota ya ce a sa a but, na ce a cinyata zai zauna. Wata mata kusa da ni ta ce Mama wannan wane irin murhu ne, na yi dariya har da hawaye. Ya ɓata mini zane da mai, ya danne mini cinya har ƙafata ta mutu, ban damu ba. Ina ta rera waƙar coci a hankali, ina tsara yadda zan dire shi a gaban ɗana in ce to ƙaramin oga, sai a ƙone katakon nan a dafa wake.

Da la'asar na sauka, an ɗan yi ruwa an ɗauke. Ko gida ban biya ba, na ce wa mai mashin gareji. Tun daga bakin layi na hango mutane. Wata babbar mota tana tsaye a kan kankaren a karkace, gefenta na hagu a sama, na dama a ƙasa, mai ya malale ko'ina. Kanikawan layi suna tsaye da jak-jak ɗinsu da suka kawo aka ɗaga ta.  Wani dattijo a cikinsu ya matso ya ce, "Mama, yana da rai. An tafi da shi asibiti, yana da rai."

Daga baya na ji yadda aka yi. Katakon yana ƙarƙashin wata motar, direban wannan kuma yana ta azalzala wai kayansa za su lalace. Ɗana ya sa sitan a hagu, ya bar dama a kan jak, ya ce ƙusa biyu kawai zai ɗaure ya fito. Robar ta fashe. Gefen da ke kan sitan ko motsi bai yi ba, shi ya sa ƙirjinsa da kansa suka tsira. Ƙafarsa ta dama ce ke ɗaya gefen. An ce na yi ta kiran sunan Yesu, ni ban tuna ba. Abin da na tuna shi ne mutum biyu suna ɓamɓare yatsuna daga jikin ƙarfen da na zo da shi, domin na ƙi sakinsa.

A asibiti likita ya kira ni gefe. Ya ce ƙashin ya niƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, babu abin da za a haɗa, idan aka bar ta za ta tafi da shi gaba ɗaya. Ya ce sai na yarda. Na yarda. Ni da na yi yawon ƙasar nan don kada ƙarfe ya taɓa shi, da bakina na ce a yanke.

Washegari da hantsi ya farfaɗo. Maganin bai gama sakinsa ba, idanunsa na lumshewa suna buɗewa. Nas ta ce kada a gaya masa tukuna, a bari ya ƙara ƙarfi. Ya juyo ya gan ni, ya ɗan yi murmushi irin na wanda ya san ya yi laifi.

"Mama, kin dawo?"

"Na dawo."

"Baba ya bayar?"

"Ya bayar. Ya ce in gaishe ka."

"Yauwa," in ji shi. "Sun zama biyu ke nan." Ya lumshe ido, na ɗauka barci ya koma, sai ya sake magana. "Ki ce su shigar da shi ciki, kada ruwa ya dake shi. Ina tashi zan gama wa mutumin nan motarsa, ƙusa ɗaya ta rage."

Na ce to. Na ja bargon na gyara masa, har wajen ƙafar dama, inda bargon ya kwanta shafe a kan katifa.